Maganin da Kulu Take Sha

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Abba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya kai ka Kano lafiya, Ya sa ka shiga sabon aikin nan da ƙafar dama, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutanen da ke zaune a bakin hanya. Mahaifiyarka zan ba takardar nan ta cusa maka a jaka. Na ce mata lissafin gyaɗa ne. Ta dube ni ta ce to, irin "to" ɗin nan nata da ka sani.

Bari in fara da yabo, tunda ba kasafai nake yi ba. A duk ƙasar Ƙaraye da Rogo ban ga jarumi kamar Mai Jar Mota ba, mutumin nan da ke kafa lasifika a bakin kasuwa yana tallar maganin maza. Allah Ya yi masa baiwa. Abin da ni ubanka na kasa furtawa a gabanka shekara da shekaru, shi da rana tsaka yake kwarara shi, har mata masu sayar da daddawa su riƙa jan mayafi suna rufe fuska. Bai taɓa ganin ƙofar makarantar likita ba, amma daga inda yake tsaye yana iya hango abin da ke damun mutum ta cikin babbar riga. Kwalba ɗaya gare shi, ita ce ta basir, ita ce ta sanyi, ita ce ta haihuwa, in ka matsa masa ya ce tana korar sauro. Kuma bai taɓa faɗuwa ba, domin duk wanda maganin bai yi wa aiki ba kunya ba za ta bar shi ya dawo ya yi ƙorafi ba. Ni da na tsufa a dillancin gyaɗa, in buhu ɗaya ya fito da ruɓa sai an biyo ni har gida. Ka ga kuwa dole in sara masa.

Shi ya sa yau na ari bakinsa, amma na sa a takarda. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka, ko sunanka ban taɓa kamawa ba balle in zaunar da kai mu yi zancen maraina. In mun haɗu da sallah kada ka nuna ka karanta, ni ma ba zan nuna na rubuta ba. Amma ka karanta har ƙarshe.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. An ce mini kai kaɗai za ka tafi, za ka bar matarka Kulu a nan gidan wajen mahaifiyarka, wai sai ka ga yadda gari yake. Kuma na san tun da aka gama yi maka maganin ciwon dajin nan, shekara biyu da ɗoriya ke nan, kana zuwa asibiti a duba jininka a ɗauki hotonka, amma gwajin nan ɗaya da likita ya ce ka yi, na maniyyi, don a ga ko ƙwayoyin haihuwa sun dawo, kana kewaye shi kamar yadda jaki ke kewaye rami. Babu wanda ya kawo mini tsegumi. Duk ranar da ka dawo na ce "yaya asibitin?" sai ka ce "lafiya lau, Baba," da irin idon mutumin da ke tallar buhun da shi kansa bai buɗe ba. Wannan idon da shi nake cin abinci, ba zan kasa gane shi a fuskar ɗana ba.

Ba zan yi maka faɗa ba, domin a wurina ka koya. Bari in lissafa maka.

Na farko ƙarami ne, har kana iya yin dariya. Ka tuna wani baƙin ruwa a kwalba da mahaifiyarka ta ba ka bara, ta ce maganin sanyi ne daga wajen 'yan'uwanta na Kafin Dafga? Ba daga Kafin Dafga yake ba. Daga jar mota yake. Na bari sai da kasuwa ta fara watsewa na raɓa na ce masa, "Malam, wani abokina ne yake da 'yar matsala." Ya kashe murya ya ce, "Alhaji, duk wanda ya zo nan abokinsa ne ba shi da lafiya, ban taɓa ganin gari mai zumunci irin wannan ba." Na karɓa na sa a aljihu. Kasuwa ta gaba ina wucewa da su Alhaji Mamman, sai na ji lasifika ta tashi: "Ga Alhaji Ado nan, ku tambaye shi! Alhaji, yaya jikin abokin namu?" Har yau in na makara fitowa rumfa sai an ce abokina ne ya riƙe ni.

Wannan kunyar tawa ce, na shanye. Abin da ban shanye ba shi ne da na koma wurin likitanka na ba shi labari ina dariya, shi bai yi dariya ba. Ya ce wasu daga cikin irin waɗannan magunguna ana zuba musu sinadarin ƙarfin namiji, mutum ya ji kamar ya samu lafiya, alhali shi sinadarin in ya shiga jiki daga waje sai jiki ya daina yin ƙwayoyin haihuwa nasa. Wato na je na sayo abin da zai iya rufe ƙofar da muke roƙon Allah Ya buɗe. Saboda haka a Kano, inda masu lasifika suka fi na nan yawa da iya baki, kada ka sa komai a bakinka, ko allura ko ƙwaya ko jiƙo, sai likitanka ya gani. Ko ni na aiko maka, ka kai masa ya duba. Musamman ma in ni na aiko.

Na biyu ba abin dariya ba ne. Ranar da aka gama tiyata, aka cire ɗayan marainan da ciwon ya kama, likita ya zaunar da mu ya ce za a fara ƙarin ruwan nan da suke kira kemo. Sai ya juyo gare ka ya ce akwai wata magana game da haihuwa, ana iya ɗibar maniyyi a adana kafin a fara. Ina jin kalmar na zaro waya na kara a kunne na ce "Na'am? Ina ji," na fice. Abba, wayar nan babu wanda ya kira ta. Na tsaya a baranda ina magana da iska, ina ganin na yi dattako, na bar yaro ya sake da likitansa. Da na dawo ka ce mini an gama, za a fara magani. Daga baya na gane abin da ka karanta a fitata: cewa wannan zance abin kunya ne, mutumin kirki ba ya tsayawa a kansa. Sai kai ma ka ce wa likita a bar shi, Allah ne mai bayarwa. Gaskiya ne Allah ne mai bayarwa. Amma ni da na faɗi haka a kan gona, ban taɓa cinye irin shuka da rani na ce damina ta zo ta yi yadda ta ga dama ba. Ban sani ba ko da za mu iya ɗawainiyar ajiyar, ko da ba za mu iya ba. Abin da na sani, ko tambaya ba mu yi ba, kuma ƙafata ce ta hana.

Shawarata a nan gajeriya ce. In ka shiga ɗakin likita, ka ajiye kunya a bakin ƙofa tare da takalmi, in ka fito ka ɗauki abarka. Kuma in Allah Ya ba ka ɗa, ko ɗan wani ne ka riƙe, ranar da magana mai nauyi ta taso kada wayarka ta yi ƙara.

Ban taɓa gaya maka ba, amma na koma wurin likitan ni kaɗai, na ce ya yi mini bayani da Hausar kasuwa. Mutumin kirki ne, ya yi haƙuri da ni. Ya ce da fari, guda ɗaya da ya rage in yana da lafiya ya isa, ba sai biyu ba. Sannan ya ce shi kemo aikinsa kashe abin da ke saurin yaɗuwa a jiki, shi ya sa ya kashe dajin, shi ya sa gashinka ya zube, shi ya sa kuma ya taɓa inda ake yin ƙwayoyin haihuwa. Na ce, "Likita, wato kamar maganin feshi, ya ƙone ciyawa ya haɗa da shuka." Ya ce kusan haka, amma sau da yawa saiwar tana nan. Ya ce maza da yawa abin yana dawo musu a hankali, wani cikin shekara ɗaya zuwa biyu, wani sai ya fi haka nesa ba kusa ba, wani kuma ba ya dawowa, bai ɓoye mini ba. Ya ce ma a farkon gama magani su da kansu suke cewa a dakata da neman ciki na wani lokaci, sai jiki ya wartsake. Wato wani ɓangare na shekarun da mata suke ƙirga wa Kulu, umarnin likita kuke bi.

Na yi masa tambayar da na san kai ba za ka yi ba. Na ce, "To in yaro yana jin ƙarfinsa, yana sauke haƙƙin iyalinsa, ba shi ke nan ba?" Ya ce a'a, wannan daban wancan daban. Mutum yana iya zama lafiya ƙalau a ɗakinsa alhali babu ƙwaya ko ɗaya, wani kuma yana ganin ya lalace alhali akwai. Ido ba ya gani, sai na'ura. Nan na ji ya zo unguwarmu. Ka sha ganina a rumfa: mutum ya kawo buhu ya cika ya batse, ɗinki tsaf, ya rantse da iyayensa. Ba na musu da shi, ba na kuma yarda da shi. Ƙarfen nan mai rami nake sokawa in zaro 'yan ƙwayoyi in duba a tafin hannu. Kuma ba wuri ɗaya nake sokawa ba. Shi ma likita ya ce gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, in an ga babu yau ana sake dubawa bayan watanni, domin abin tafiya yake yi.

Na san abin da kake tsoro. Muddin ba a soka buhun ba, kana iya ci gaba da cewa wataƙila. Wataƙila tana da daɗin kwana, na sani. Da a ce kai kaɗai kake biyan kuɗinta, da na ƙyale ka. Amma ba kai kake biya ba, kuma wannan ya kawo ni ga na uku, wanda shi ne dalilin takardar.

Lokacin da muka dawo daga asibitin Kano, mutane suka cika zaure suna sannu, ni na buɗe baki na ce gwaiwa ce aka yi maka aiki. Na zaɓe ta da wayo, irin na ɗan kasuwa: ciwo ne da kowa ya sani, ana yi masa dariya, ba a gudun mai shi, ba a kuma cewa ya hana haihuwa. Da gashi ya zube ka rame, na ce taifot ne ya biyo baya. Na yi ta jin daɗi na rufa wa ɗana asiri, babu mai nuna ka da baki a masallaci. Ban yi lissafin cewa in an wanke miji tas, to ido wurin matar zai koma ba.

Ka san sauran, ko da yake ina jin ba ka san yawansa ba, domin kana fita da safe. Goggonka Laraba ta kawo saiwa daga Yola. Ta kawo rubutu. Ta kawo wani garin da ake damawa da nono, warinsa kaɗai ya kori kaji daga tsakar gida. Kulu takan durƙusa ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Goggo, Allah Ya saka," ta kafa kai ta shanye. Yarinyar da ta riƙe maka kwano kana amai a asibiti. Yarinyar da ta san sunan kowane magani da aka ɗura maka, ta fi ni iya faɗarsu. Kalma ɗaya za ta furta ta huta, ba ta furta ba. A gidan suna kuwa, in an miƙa mata jariri sai wata ta ce, "Riƙe shi da kyau, ko kya ci albarkacinsa." Mahaifiyarka ta ce murmushi Kulu take yi. Ni duk ina ji ina cewa sha'anin mata ne, zai wuce.

Sai kasuwar Rogo da ta wuce. Ina zaune a rumfar wani abokin ciniki, sai ga surukinka Malam Sale ya taho daga Jajaye, ya jingine kekensa. Muka gaisa, muka tambayi gida da gona da ruwa. Na ga yana ta murza hularsa a gwiwa. Can ya ce, "Alhaji, wata magana ce ta kawo ni, ka yi haƙuri da ni." Na ce Bismillah. Ya ce, "Game da yarinyar nan ne. Mun ga shiru. Mun kuma ji Abba zai tafi birni ya bar ta. Wallahi ba mu ga laifinku ba, kun yi haƙuri, kun riƙe ta da mutunci. Uwarta ma sai da ta daɗe kafin ta same ta, wataƙila gado ne. In nauyi ta yi muku, kada ku ji kunyarmu, ɗakinta yana nan."

Abba, ni ne Ado da ake cewa zan iya sayar wa mai rijiya ruwa. Ban taɓa rasa abin faɗa a kasuwa ba. Amma duba abin da ya same ni ranar nan. Dattijo ya tako keke ya zo yana ba ni haƙuri a kan ƙaryar da ni na ƙera. Kuma a nan na gane ko ubanta ba ta gaya wa ba. Da ƙyar na ce, "Malam, Kulu 'yata ce, babu inda za ta." Ya yi ta godiya, har yana cewa Allah Ya bar zumunci. Godiyar nan ta fi mari zafi.

To ga abin da nake so, kuma ban saba roƙonka ba.

Ka dawo ka ɗauki matarka. Ko ɗaki ɗaya ka samu, ko tabarma ce a ciki. Na san a ranka kana ganin kana sauƙaƙa mata ne, ko kuma kana gudun idonta, domin mutum yakan gaji da kallon wanda yake bin sa alheri. Amma duk garin nan fassara ɗaya za su yi wa tafiyarka, kuma ka ji ta daga bakin Malam Sale.

Ka je ka yi gwajin, ku tafi tare. Ita ma a duba ta in likita ya ce, amma a fara da kai, domin kai aka ɗura wa magani. In an ce sun fara dawowa, alhamdu lillahi, sai ku bi abin da aka ce ku bi, kada ka yi gaggawar sanar da kowa, musamman Goggonka. In an ce da saura, ka tambayi yaushe za ka dawo, ka koma. In kuma an yi ta dubawa har likita ya ce shi bai ga alama ba, ka tambaye shi ko akwai wata dabara, domin ya ce mini akwai abubuwan da ake gwadawa, ban dai riƙe sunayensu ba. In duk an yi babu, to Abba, ka saurare ni da kyau. Ranar da aka tura ka ɗakin tiyata ban roƙi Allah jika ba. Ko sau ɗaya. Kai na roƙa, kuma Ya ba ni. Duk abin da ya zo bayan wannan gyara ne, irin wanda ake ƙara wa mai saye bayan mudu ya cika. Ba a fasa ciniki don ba a samu gyara ba. Gidan nan cike yake da 'ya'yan ƙannenka, kuma ni kaina kawuna ne ya riƙe ni, har ya rasu ban taɓa jin wani ya fi shi zama ubana ba.

Amma in haka ta kasance, Kulu tana da haƙƙi a maganar. Ka zaunar da ita ka tambaye ta abin da take so, da gaske, ba irin tambayar da ake yi an riga an san amsa ba. Ina da zato a kan abin da za ta ce, amma na daina yanke wa yarinyar nan hukunci ba da saninta ba.

Saura ƙaryata. Ni na yi ta, amma asirin naka ne, ba zan fasa shi ba sai ka ce. Abin da na iya yi na yi: na gaya wa Laraba daga yau ko ganyen shayi ta kawo wa Kulu, ni zan shanye shi a gabanta. Ta ce na tsufa na rikice. Ban musa ba. Abin da nake nema ka yarje mini shi ne mutum ɗaya, Malam Sale. Ba sai an yi shela ba, ba sai an ari lasifika ba. In hau mota in je Jajaye in zauna a zaurensa in ce masa, Malam, ba gwaiwa ba ce, kuma 'yarka ba ta gaza ba, ita ce ma ta riƙe mu. In ka fi so ka faɗa da bakinka, ya fi, zan raka ka in zauna, kuma zan bar wayata a gida. In ka amince, ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka kira ni ka ce, "Baba, a kai gyaɗar Jajaye." Zan gane.

Sauran nasiha ka san ta. Ka riƙe salla. Kada ka fasa zuwa ganin likita don ka ji garau, su suka ce a riƙa bibiya. In ka ji wani kumburi ko wani canji a ɗayan, ko da ƙanƙani ne, kada ka jira ya girma kamar yadda ka jira da na farko don kana jin nauyin faɗa. Ka rage zama da masu hayaƙi. Ka ci abinci, mahaifiyarka ta ce har yanzu wuyanka bai cika ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya mai ɗorewa, Ya sa ciwon nan ya tafi ke nan. Allah Ya tsare fitarka da shigarka, Ya haɗa ka da abokan zama na gari. Allah Ya yi wa Kulu albarka, Ya saka mata da abin da mu ba za mu iya ba. In da rabo Allah Ya kawo mai albarka a lokacin da Ya so, in babu Ya cika muku gida da abin da ya fi shi. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ko da yake tana tsaye a kaina tana tambaya wane irin lissafin gyaɗa ne yake sa tsoho share ido.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Ado Dillali, Ƙaraye.

Af, na manta. Na tambayi likita girman abin da ake ba mutum a wurin gwajin, ya nuna mini, 'yar roba ce ba ta kai kofin shayi ba. Kulu ta shanye jarka-jarka na maganin cutar da ba ta da ita, ko fuska ba ta yamutsa ba. Kai 'yar robar nan guda, wadda ba ma sha za ka yi ba, ita ce ta gagare ka?